Yadda Ake Auna Karatu da Lissafin Yaran Firamare, da Abin da Za a Yi da Sakamakon

Tun farkon zangon nan malamai da shugabannin makarantu daga Rigasa da Kawo da Tudun Wada har zuwa Zariya suke ta tambayata yadda za su gane ainihin matsayin ɗalibansu a karatu da lissafi, domin makin jarrabawar ƙarshen zango ya daina gamsar da su. Suna da gaskiya. Na taɓa shiga aji huɗu a wata makarantar gwamnati, wata yarinya ta miƙe ta rattabo shafi guda sumul ba gargada, amma da na ɗora yatsa a kan kalma ɗaya a tsakiyar layi na uku na ce, "'Yata, wannan fa?" sai ta sunkuyar da kai ta yi shiru. Ashe haddace shafin ta yi daga maimaicin da ajin ke yi da murya ɗaya. Hanyar da zan bayyana a nan ita ce ta zama da yaro shi kaɗai a ji karatunsa baki da baki, wadda ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yaɗa, aka kuma yi aiki da ita da Hausa a wasu jihohin Arewa, ciki har da Kano da Borno.

Mataki na 1: Izini da fahimtar juna

Kafin a taɓa takarda, a zauna da shugaban makaranta a bayyana masa manufar aikin, shi kuma ya sanar da ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma idan makarantar tana ƙarƙashin Hukumar Ilimin Bai Ɗaya ta jiha, wato SUBEB. A sanar da kwamitin al'umma mai kula da makaranta, wanda aka fi sani da SBMC, domin daga wurinsu ne taimakon kwali da fotokwafi ya fi saurin fitowa, kuma su ne za su kai maganar ga iyaye.

Gargaɗi: A jihar nan ta Kaduna kalmar gwaji tana da nauyi a kunnen malamin firamare tun jarrabawar da gwamnati ta yi wa malamai a 2017 da ta kai ga sallamar malamai sama da dubu ashirin. Idan malamin aji ya zaci shi ake farauta, zai raɗa wa yaransa amsa ko ya ɗaga musu matsayi, aikin kuma ya lalace tun daga tushe. A faɗa masa a fili cewa sakamakon nasa ne, don amfanin ajinsa, kuma inda hali ya yi, malamai biyu su yi musayar aji a ranakun gwajin.

Mataki na 2: Kayan aiki da abin da za a kashe

Ana buƙatar takardar gwajin karatu iri uku da ta lissafi iri uku, kowace a saka ta cikin leda mai haske don kada ta yage. Yara ba sa rubutu a kansu, saboda haka shafi shida sun ishi malami ɗaya har ya gama ajinsa. Sai littafin rubutu guda ɗaya da za a mayar rajistar sakamako, biro, fensir kamar goma, farar takarda ta yin lissafi, da agogon waya. Don koyarwar da za ta biyo baya, a tanadi kwali biyar ko shida, alƙalamin maka biyu, almakashi, robar ɗaure kuɗi, da sabuwar tsintsiya biyu. Murafun kwalba da ƙwallon dabino da tsakuwa yara ne za su kawo kyauta. Duk sauran ana samunsu a shagon littattafai na unguwa, ko kuma a Kasuwar Sheikh Gumi idan makarantu biyu ko uku za su haɗa kuɗi su saya da yawa, wanda ya fi sauƙi.

Abin da aikin ya fi ci shi ne lokaci. Yaro ɗaya yana ɗaukar minti biyar zuwa bakwai, don haka aji mai ɗalibai 60 yana buƙatar kimanin awa shida, wato awa bibbiyu na kwana uku ga malami ɗaya. Ajin da ya haura ɗari, irin waɗanda ake gani a wasu manyan unguwanninmu, sai an haɗa malamai uku a kansa.

Gargaɗi: Kada a buga wa kowane yaro kwafi a raba a aji kamar rubutacciyar jarrabawa. Kuɗin zai tafi a banza, yaran kuma su koma leƙen takardar juna.

Mataki na 3: Rubuta takardar karatu

A nan ne ya kamata a natsu sosai, domin takardar da aka rubuta da gaggawa ba ta faɗin gaskiya. Tana da sashe huɗu, kuma a rubuta su da manyan baƙaƙe masu tazara.

Sashen farko haruffa goma ne a warwatse, ba bisa jerin abacada ba, domin yaro yana iya rera jerin kamar waƙa alhali bai san fuskar harafi ko ɗaya ba. A gauraya baƙaƙe da wasula, a kuma saka aƙalla biyu daga cikin masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ. Sashe na biyu kalmomi goma ne masu gaɓa biyu waɗanda yaro ke ji kullum, irin su kaza, rana, gida, kifi, tuwo, ƙofa, ɗaki, ruwa, doki da shanu. Sashe na uku sakin layi ne mai gajerun jimloli huɗu, misali: "Binta tana da akuya. Akuyar fara ce. Kullum tana ba ta dusa da ruwa. Jiya akuyar ta haifi 'ya'ya biyu." Sashe na huɗu labari ne mai kalmomi kamar sittin, ga irinsa:

"Wata rana Musa ya tafi kasuwa da kakarsa. Kaka ta sayi gero da manja da gishiri. A hanyar dawowa sai hadari ya taso, iska ta fara kaɗawa. Musa ya ɗauki buhun geron a kansa, suka ruga ƙarƙashin rumfar wani mai shayi. Mai shayin ya ba su benci suka zauna har ruwa ya ɗauke. Da suka isa gida, geron bai jiƙe ba."

A bayan takardar, inda yaro ba zai gani ba, a rubuta tambaya biyu: ɗaya wadda amsarta ke kwance a cikin labarin, kamar "Me kaka ta saya?", ɗaya kuma wadda sai an yi tunani, kamar "Me ya sa geron bai jiƙe ba?"

Gargaɗi: Kada a ɗauko ko jimla ɗaya daga littafin da ajin ke karantawa, kuma kada a saka hoto, domin yaro mai wayo zai duba hoton ya ƙirƙiro labarin. Haka kuma a guji kalmomin da ke da karatu biyu idan sun tsaya su kaɗai. Rubutun bokonmu ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, saboda haka kalmar "gari" tana iya zama garin da ake zaune a ciki ko garin tuwo, "fari" kuma tana iya zama launi ko rashin ruwan sama. Idan irin wannan ta shiga takardar, a karɓi kowace furtawa da yaron ya yi. Sannan idan a kwamfuta za a buga, a duba da ido cewa mai bugawar bai mayar da ƙafa kafa ba, ko baƙi baki, domin wannan kuskuren ya zama ruwan dare a shagunan buga takardu.

Mataki na 4: Rubuta takardar lissafi

Ita ma sashe huɗu ce: lambobi daga 1 zuwa 9 a warwatse, lambobi masu gida biyu daga 10 zuwa 99, ɗebewa mai buƙatar aro irin 52 a ɗebe 27, da rabawa irin 96 a raba gida 4, ko lamba mai gida uku ga 'yan aji biyar da shida. A saka lambobin da ke ruɗa yara kusa da juna, kamar 13 da 31, ko 69 da 96. Ni nakan ƙara tambaya ɗaya ta baka wadda ba ta cikin takardar: "Ka sayi ƙosai na naira 150, ka ba da naira 500, nawa ne canjinka?" Amfanin wannan tambayar zai bayyana a mataki na bakwai.

Mataki na 5: Lokaci da wuri

Mako na biyu ko na uku da komawa hutu ya fi dacewa, lokacin da yawancin yara sun dawo amma zangon bai yi nisa ba. A yi da safe kafin hutun tara. A kauce wa Juma'a saboda gajartar ranar, a ƙauyuka kuma a kauce wa ranar kasuwa da tsakiyar girbi, domin yaran da suka fi buƙatar gwajin su ne ba za a gani ba. A ajiye benci a baranda ko ƙarƙashin bishiya, nesa da taga yadda sauran ba za su ji ba, a kuma ba ajin aikin da zai riƙe su. Malami ya zauna kusa da yaron a benci ɗaya, ya bar bulalarsa a ofis.

Mataki na 6: Zama da yaro a kan karatu

A fara da gaisuwa da tambayar sunansa da unguwarsu har ya saki jiki, a gaya masa cewa wannan ba jarrabawa ba ce kuma ba wanda za a doka. Ga 'yan aji uku zuwa sama, a fara daga sakin layi. Idan ya karanta shi kamar mai magana, kuskurensa bai wuce uku ba, a wuce da shi zuwa labari, a yi masa tambayoyin nan biyu. Idan ya gaza sakin layin, ko yana tsinko kalmomin ɗaya bayan ɗaya da ƙyar, a sauko da shi zuwa kalmomi, ya zaɓi biyar ya karanta, idan ya samu huɗu yana matakin kalma. Idan bai samu ba a sauko zuwa haruffa da wannan ƙa'ida ta huɗu cikin biyar. Wanda bai kai haka ba shi ne mafari. 'Yan aji ɗaya da biyu kuwa daga haruffa ake fara musu a hau sama. Matakin da za a rubuta wa yaro shi ne mafi girman da ya iya ba tare da taimako ba.

Idan ya tsaya a kan kalma, a ƙirga uku a zuci, sannan a ce ya wuce ta gaba. Kuskuren da ya gyara da kansa ba a lissafa shi. Bayan kowane yaro biyar ko shida a canza takardar da wata daga cikin ukun, domin duk wanda ya koma aji sai an tambaye shi abin da ya gani.

Gargaɗi: Sautin harafi ake nema. Yaron da ya ga c ya ce "si", ya ga e ya ce "i", sunayen Turanci ya haddace, kuma da su ba zai iya haɗa "ciki" ko "gero" ba. A tambaye shi, "Yaya yake faɗi a Hausa?" Idan bai sani ba a rubuta haka a gefen sunansa. Sai dai kada a ɗauki karin harshe a matsayin kuskure. Kaduna matattara ce: akwai yaron da iyayensa daga Sakkwato ko Katsina suka zo, zai ce "hwara" a inda aka rubuta fara, akwai kuma ɗan Gbagyi ko Bajju ko Atyap da ke jin Hausa sarai amma ƙ ɗinsa tana fita kamar k. Muddin ya gane kalmar, ya karanta daidai. A makarantar da yawancin yaran ba su jin Hausa sosai, a shirya takardar da harshen da suka fi ji. Gwajin Turanci yana da muhimmanci daga aji huɗu, amma a yi shi a wata rana dabam da takardarsa, don kada rashin jin Turanci ya ɓoye wa malami yaron da ya iya karatu.

Mataki na 7: Zama da yaro a kan lissafi

A fara daga ɗebewa, a ba shi guda biyu da fensir da takarda. Idan ya samu duka biyun a hau zuwa rabawa, idan bai samu ba a sauko zuwa gane lambobi. Ya faɗi lambar da Hausa ko da Turanci, duka an karɓa. A bar shi ya ƙirga da yatsu ko ya ja sanduna a takarda, amma malami ya lura da yadda yake yi, domin hanyar da ya bi ta fi amsar bayani. Yaron da aka ba 52 a ɗebe 27 ya rubuta 35 ba cinta ya yi ba: ya ɗebe 2 daga 7 ne ya samu 5, ya ɗebe 2 daga 5 ya samu 3, wato bai fahimci aro daga gidan goma ba. Wanda aka ce ya rubuta ɗari da biyar ya rubuta 1005, shi ma matsalarsa ta gidajen lamba ce.

Sai tambayar ƙosai. Sau da yawa za a ga yarinyar da ta kasa ɗebewa a takarda ta ce "ɗari uku da hamsin" tun malam bai rufe baki ba, domin tana talla da yamma. Irin wannan yarinya lissafi yana kanta, rubuta shi ne ba a koya mata ba, kuma cikin makonni kaɗan takan wuce sa'o'inta idan aka fara mata daga kuɗi. A sa alama a gefen sunanta.

Mataki na 8: Rajista da raba rukuni

A ja layuka a littafin: suna, aji, shekaru, matakin karatu, matakin lissafi, da fili mai faɗi na abin da aka lura. A cike shi nan take yaron yana tashi, kada a bari sai an tashi makaranta. Bayan an gama, a ƙirga yara nawa ne a kowane mataki, a raba su rukuni uku: mafara da masu harafi wuri ɗaya, masu kalma wuri ɗaya, masu sakin layi da labari wuri ɗaya. Rukunin lissafi dabam yake, domin yaro yana iya zama a gaba a ɗaya yana baya a ɗayan. Idan makarantar na da malamai uku da za su tsaya, ya fi kyau a haɗa aji huɗu da biyar da shida a raba su bisa mataki na wannan lokacin kawai, sannan kowa ya koma ajinsa.

Gargaɗi: Kada a karanta sakamakon a taron safe, kada a liƙa shi a bango, kuma kada a kira wani rukuni na daƙiƙai ko da wasa. A ba su sunayen tsuntsaye ko launuka. Yaro ɗan shekara goma sha biyu da aka kunyata a gaban ƙannensa, gobe a tashar mota ko garejin makanikai za a same shi.

Mataki na 9: Koyarwa bisa mataki

A ware awa ɗaya ta karatu da kamar minti arba'in da biyar na lissafi kowace rana, na mako shida zuwa takwas, a saka su cikin jadawalin makaranta da sa hannun shugaba don kada wani darasi ya cinye su.

Mafara da masu harafi su koyi sauti biyu ko uku a mako, tare da wasula biyar tun ranar farko. Hausa tana da sauƙi a nan, domin yawancin gaɓoɓinta baƙi ne da wasali. A zana jadawalin gaɓoɓi a kwali, ba be bi bo bu, ka ke ki ko ku, a riƙa nunawa a tsallake, daga ƙasa zuwa sama, daga dama zuwa hagu, don kada ya koma waƙa. A yanka gaɓoɓin a ƙananan katuna a zuba a tabarma, yaro ya ɗauko "ka" da "za" ya haɗa kaza, ya cire "za" ya sa "ya" ya ga ta zama kaya. Ranar da yaro ya haɗa kalmarsa ta farko da hannunsa, fuskarsa takan canza, kuma daga nan ba a sake jan sa. Masu ruɗa b da d, ko ɓ da ɗ, su riƙa zana su da yatsa a yashi suna furtawa. Yaran da suka fara da makarantar allo wani lokaci sukan fara layi daga dama, abin da ɗigo ɗaya a gefen hagu na takarda ke gyarawa cikin kwanaki.

Masu kalma suna buƙatar jimla. Su faɗi abin da suka gani a hanyar makaranta, malami ya rubuta a allo da bakinsu, su karanta ɗaya bayan ɗaya, sannan a yanka jimlar kalma-kalma su sake jera ta. A nan ne ake koyar da sh da ts da ky da gw da 'y, da bambancin sari da tsari. Masu labari kuwa su karanta sabon abu kullum, su biyu-biyu, su sake ba da labarin da bakinsu, su rubuta jimla uku a kansa. A riƙa auna musu kalmomin da suke karantawa daidai cikin minti ɗaya, ana kwatanta kowane yaro da abin da ya yi a makon jiya.

A lissafi, a karya tsintsiya a ɗaure tsinke goma-goma da roba. Lamba 52 ta zama ɗauri biyar da tsinke biyu. A ce yaro ya ba da 27, zai ga tsinke biyu ba su isa a cire bakwai ba, dole ya kwance ɗauri ɗaya, kuma wannan kwancewar ita ce aron da ya kasa ganewa a allo. Sai ya yi da tsinke sau da yawa sannan a rubuta a takarda, ana yi ana faɗa. Rabawa kuma da murafun kwalba ake fara ta, a raba wa yara huɗu ɗaya-ɗaya har su ƙare a ga abin da ya saura.

Gargaɗi: Amsa da murya ɗaya ita ce ta kawo mu inda muke. A kowane darasi kowane yaro ya karanta wani abu shi kaɗai, ko da kalma biyu ce. Kuma duk wanda ya nuna ya wuce matakinsa a matsar da shi gaba a makon, kada a jira ƙarshen zango.

Mataki na 10: Iyaye

A kira iyaye rukuni-rukuni, a yi wa kowa bayanin ɗansa a keɓe. A ce, "Baba, Sani ya san haruffa, yanzu haɗa su muke koya masa," maimakon a ce bai iya komai ba, domin maganar farko tana kawo taimako, ta biyun kuwa duka take jawo wa yaron a gida. Abin da ake roƙonsu kaɗan ne: minti goma bayan magariba yaron ya karanta wa mahaifiyarsa ko kakarsa katin da aka ba shi, ko da ita ba ta yi boko ba, tunda Hausa ce za ta ji idan maganar ba ta yi ma'ana ba. Yayye da ke sakandare su ma suna da amfani ƙwarai a nan.

Mataki na 11: Sake gwaji

Bayan mako shida zuwa takwas a maimaita gwajin da sabuwar takarda mai nauyi ɗaya da ta farko, a rubuta sakamakon a layin da ke kusa da na baya. A kai wa shugaban makaranta da kwamiti adadin yaran da ke kowane mataki a da da yanzu, ba tare da sunaye ba, a sake raba rukunin.

Za a samu 'yan kaɗan da ba su motsa ba. Kafin a ce komai a kansu a duba rajistar zuwa makaranta, a tambaya ko suna karyawa kafin su fito, sannan a gwada ido da kunne. Na ga yaron da aka yi shekara biyu ana ce masa malalaci, ashe daga bencin baya allon hazo yake gani, yana kankance ido yana kwafar littafin maƙwabcinsa. A tsayar da yaro a ƙarshen aji a nuna masa harafi, a kuma kira sunansa a hankali daga bayansa. Wanda aka yi shakka a kansa a dawo da shi bencin gaba a ranar, a shawarci iyayensa su fara da asibitin da ke kusa da su, tunda Cibiyar Ido ta Ƙasa da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa duka a cikin garin Kaduna suke idan an tura su gaba. Littafin rajistar kuma a ajiye shi a ofishin shugaban makaranta, a miƙa shi hannu da hannu ga malamin da zai karɓi ajin a watan Satumba.